Wa Zai Koyar Da Nas Ɗin Da Za Ta Zauna A Gwandu?

Idan kana cikin irin zaurukan WhatsApp da nake ciki, ka san hoton da zan faɗa. Yarinya ce sanye da farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya, a ƙasa an rubuta "Alhamdulillah, an kammala". Nan da nan 'yan uwa da ƙawaye za su fara zuba "Allah Ya sanya albarka", "Allah Ya kawo miji nagari". Ba za a kai saƙo na goma ba sai wani ya jefo tambayar da kowa ke jira: "To, yaushe za a wuce Ingila?"

A kanmu, mu matasa, nas iri biyu ce. Akwai mai allura da ƙarin ruwa, wadda muke tsoron tsawarta tun muna yara. Akwai kuma mai biza, wadda ke turo hoto cikin rigar sanyi daga Landan ko Jidda. Yau ina so mu yi maganar ta uku, wadda ba ta cika fitowa a TikTok ba: nas ɗin da ta koma aji ta zama malama, ta yi bincike, har ta kai ga zama a teburin da ake yanke shawarar ma'aikatan lafiya nawa za a horar, ina za a tura su, da me za a ba su su zauna. Ka yi haƙuri da ni kaɗan, za ka ga yadda wannan ya shafi gidanku kai tsaye.

Ka tuna watan Maris na 2025? Lokacin ne gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar da ɓarkewar sanƙarau. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce mutum 248 ake zargin sun kamu, 26 sun rasu, kuma 15 daga cikinsu a Gwandu ne. Sauran a Jega da Aliero da Argungu. Har jami'ar Aliero sai da aka rufe na ɗan lokaci bayan rasuwar wasu ɗalibai. An buɗe wuraren killace marasa lafiya, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo da agaji, daga baya abin ya lafa, mu kuma muka koma kan wani zancen, kamar yadda muka saba.

Amma ka tsaya ka yi tunanin yadda sanƙarau ke kashe mutum. Ciwo ne na awanni. Yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, da safe wuya ya sanƙare, zuwa dare idan ba a fara allurar da ta dace ba, magana na iya ƙarewa. Mutumin farko da zai ga yaron nan ba babban likita ba ne a Birnin Kebbi. Wanda ke zaune a ƙaramin asibitin ƙauyen ne, idan akwai shi. Shi zai gane wannan ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, shi zai fara magani ko ya ce a nemi mota yanzu-yanzu, shi zai kira ofishin ƙaramar hukuma ya ce ga yaro na uku da na gani a mako guda. To, ko akwai wannan mutumin a wurin ko babu, ba a ranar aka yanke ba. An yanke shi ne shekaru biyar ko goma da suka wuce, a wani ofis, kan wata takarda da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Na taɓa raka matar yayana wani ƙaramin asibiti cikin dare, naƙuda ta taso mata ba shiri. Mun tarar da ma'aikaciya guda ɗaya tal, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai ba da magani, ita ce mai riƙe fitilar waya da haƙori lokacin da hannuwanta biyu ke aiki. Allah Ya sauke ta lafiya. Da asuba, ina zaune a kan benci a waje, na ce mata, "Anti, me ya sa ba za a ƙaro miki mutane ba?" Ta dube ni ta yi dariyar gajiya ta ce, "Ƙanina, a ƙaro wa? Sai an samu ai ake turowa." Wannan amsar ta daɗe tana yi mini yawo a kai.

Bari mu yi lissafi irin na bakin titi. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya matakin farko guda ɗaya mai aiki sosai. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, huɗu-huɗu aka tsara wa kowace cibiya, domin haihuwa ba ta san dare ko Juma'a ba, dole a yi karɓa-karɓa. Ka ninka 225 sau huɗu, ka samu 900. Ungozomomi kaɗai ke nan, a ƙananan cibiyoyi kaɗai, ba a sa manyan asibitoci ba, ba a sa waɗanda za su tafi hutun haihuwa ko su yi ritaya ba. Yanzu ka ajiye wannan kusa da abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano: a Kebbi, kusan haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa, mafi ƙaranci a duk Najeriya a lokacin.

Abin da kowa zai ce shi ne, to a buɗe makarantu mana, a ɗebi yara da yawa. Nan ne gizo ke saƙar. Makarantar jinya ba kamar makarantar koyon kwamfuta ba ce da za ka kama shago ka sa allo. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita ke zuwa ta duba makaranta, ta ƙirga malamai, ta ga ɗakin gwaji da ɗakin karatu da wurin kwana da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki, sannan ta ce ga adadin da za ku iya ɗauka. Idan malamai ba su isa ba, guraben ba za su ƙaru ba, ko da an gina bene mai hawa goma. Kuma hukumar na da gaskiya, domin ba a koyon tsayar da zubar jini bayan haihuwa a aji mai mutum ɗari uku da lasifika. Sai malama ta tsaya a kanki, ta kama hannunki, ta ce ba haka ba, sake. Ashe kafin a samu ungozomar da za ta zauna a ƙauyen Gwandu, sai an fara samun wadda za ta koyar da ita. Kafin ita ma, sai an samu wanda ya koyar da malamar.

An taɓa gwada warware wannan ƙulli a maƙwabtanmu, kuma labarin ya cancanci ka sani. A 2012 aka fara wani shiri mai suna Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Wadda ta jagoranci shirin a matakin ƙasa ita ce Dakta Fatima Adamu, malamar jami'a da ta koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ba nas ba ce ita, amma aikin da ta yi shi ne ainihin irin wanda nake magana a kai. Sun fara ne da tambaya mai sauƙi: me ya sa ƙauyukan Arewa ba su da mata ma'aikatan lafiya, alhali an san magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba matansu?

Amsar da suka samu ba ɗaya ba ce. 'Yan matan ƙauye sukan gama sakandare ba tare da sakamakon kimiyyar da ake nema ba. Waɗanda suka samu, da yawa an riga an yi musu aure, ga goyo, makarantun kuma ba su da wurin ajiye yaro. Makarantun su kansu wasu ba su da cikakken izinin hukuma saboda ƙarancin malamai. 'Yar birnin da aka horar aka tura ƙauye kuwa, wata uku ta fara neman a mayar da ita gida, kuma ba za ka zarge ta ba. Sai suka ɓullo da shekarar share fage: al'umma da kanta za ta zaɓi yarinyarta, da amincewar iyaye ko miji da masu unguwa, a ɗauke ta a gyara mata kimiyya da Turanci har ta ci jarrabawar shiga, a kan alƙawarin idan ta gama za ta koma garinsu ta yi aiki. An samar da wuraren renon yara da masaukin matan aure a makarantu, an horar da ƙarin malamai, an taimaka wa makarantun suka cika sharuɗɗan hukuma. Shirin ya ƙare a 2020, kuma Kebbi ba ta cikin jihohin da ya shafa, amma dabarar ba ta da shinge, duk jihar da ta so za ta iya ɗauka.

Ni dai da na karanta wannan, jajis ɗin Nana Asma'u ne suka faɗo mini. Tun ƙarni na 19 'yar Shehu, wadda Malam Abdullahin Gwandu baffanta ne, ta gane cewa idan kana son ilimi ya isa matan ƙauye, mace daga cikinsu za ka koyar ta koma musu. Kusan shekara ɗari biyu bayan haka sai da aka yi bincike da kuɗin Turawa kafin mu tuna. To, a bar wannan.

Mu dawo Kalgo. Duk wanda ya bi hanyar Kalgo zuwa Bunza ya ga mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma tana da sashen nazarin aikin jinya. A Kalgon dai ga babban asibitin Kebbi Medical Centre. A Birnin Kebbi ga kwalejin jinya da ungozoma ta jiha, ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, a Jega ga kwalejin kimiyyar lafiya da ke fitar da ma'aikatan lafiyar al'umma. Duka waɗannan ba su da nisa da juna, za ka iya zagaye su a yini guda. Iyayenmu da suka so digirin jinya sai sun yi tafiya mai nisa. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen a 1965, kuma an daɗe kafin irinsa ya zo Zariya da Kano da Sakkwato. Kai kuwa yana bakin ƙofarka.

Hanyar ba gajera ba ce, kada in yaudare ki, 'yar uwa. Sai kin samu kiredit biyar, Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku. Digirin farko shekara biyar ne, a ciki za ki rubuta jarrabawar hukuma ki samu lasisi, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Bayan nan digiri na biyu, sannan na uku. Wadda ta bi ta kwalejin jinya ma ƙofa ba ta rufe mata ba, za ta iya shiga jami'a daga baya ta ci gaba. Ki lissafa, kafin a kira ki Dakta, ƙawarki da ta wuce waje ta riga ta gina wa babanta gida. Ga yajin aikin malaman jami'a, ga albashin da kowa ya san yadda yake. Ban zo in ce miki wannan ya fi daɗi ba.

Abin da zan iya nuna miki shi ne inda hanyar ke iya kaiwa. A ƙasar Botswana akwai Farfesa Sheila Tlou. Nas ce, ta yi karatunta a Amurka har ta samu digiri na uku, ta koma gida ta yi shekaru tana koyar da aikin jinya a Jami'ar Botswana, tana bincike kan mata da cutar ƙanjamau a lokacin da cutar ke cin ƙasar kamar wutar daji. A 2004 aka naɗa ta ministar lafiya, ta riƙe har 2008, daidai lokacin da ƙasar ke faɗaɗa rabon maganin ƙanjamau kyauta da kare jarirai daga ɗauka a wurin uwa. Ƙasa ce mai faɗi, likitoci kaɗan, saboda haka nas-nas ne suka ɗauki mafi yawan nauyin a ƙananan asibitoci. Daga nan ta shugabanci hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya a gabashi da kudancin Afirka daga 2010 zuwa 2017. Ka lura, ministar da ta taɓa yin aikin dare a ɗakin marasa lafiya ba sai an yi mata bayanin abin da "ni kaɗai ce" ke nufi ba.

Ko a Amurka, inda muke ganin komai ya wadata, daga ƙauye aka faro. Loretta Ford nas ce da ta yi aiki a karkarar jihar Kolorado, tana ganin yara ba su da likita. Da ta koma jami'a ta zama malama, ita da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe wani kwas a 1965 da ke horar da nas ta duba mara lafiya ta gano ciwo ta ba da magani da kanta. An yi mata ca, likitoci da ma 'yan uwanta nas-nas. Yau dubban ɗaruruwa ne ke wannan aiki a can. Ta rasu a Janairun 2025 tana da shekara 104. Mu ma a nan, a 2014 Najeriya ta fitar da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta ba ma'aikatan lafiyar al'umma da aka horar damar yin wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita. Wannan takardar ce ta sa Antin da na ba ka labari, ko wata irinta, ke da izinin yin abin da take yi cikin dare. Mutane ne suka zauna suka rubuta ta, suka yi gardama kan kowane layi. Tambayata ita ce, mutum nawa a cikinsu suka san hanyar Dalijan ko Kambaza da damina?

Kuma a irin wannan tebur, ba a cin gardama da "wallahi muna shan wahala". Da alƙaluma ake ci. Wata malamar jinya a Jami'ar Pennsylvania, Linda Aiken, ta wallafa bincike a 2002 kan asibitoci 168, inda ta nuna duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan nas guda yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100. Har yau ana ɗaga wannan lamba a majalisu idan ana maganar ɗaukar ma'aikata. Irin wannan aiki ne ke jiran wani a nan: ya bi cibiyoyin Gwandu da Kalgo ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa ke kan takarda, wa ke zuwa aiki da gaske, wa ya bar wurin kuma me ya kore shi. Rashin gida ne? Rashin ruwa da wuta? Tsoron hanya? Miji ne ya ce ta dawo? Albashin ƙaramar hukuma ne bai kai na jiha ko na tarayya ba? Kowace amsa maganinta daban, kuma wanda bai tambaya ba zai yi ta fenti ne a bango yana yanka kirtani.

Yanzu batun japa, tunda na san shi ke ranka. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar NMCN na lokacin, Dakta Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. A watan ne hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardun fita. Nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar. A Agustan shekarar Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate kuma ya ce an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara.

Ra'ayina? Ba na ganin laifin wanda ya tafi. Mutum ya yi karatu da kuɗin gonar babansa, yana da ƙanne bakwai, ka ce masa ya zauna don kishin ƙasa, kai kuma 'ya'yanka suna waje? Toshe ƙofa ba ya sa mutum son ɗaki. Amma ƙarin guraben ma yana da tasa tambayar, kuma ita ce wadda muka faro da ita: an ninka ɗalibai fiye da sau biyu, an ninka malamai? Idan ƙwararrun da ya kamata su koyar su ne ke kan gaba wajen tafiya, wa zai tsaya a kan waɗannan dubban yaran ya kama hannunsu? Sannan idan sun fito, Abuja da Kano da Birnin Kebbi za su cika, ƙauye na nan yadda yake, sai dai idan wani ya tsara yadda 'yar ƙauyen ce za ta samu gurbin tun farko.

Akwai kuma gargaɗin da zan yi wa duk mai sha'awar wannan hanya. Malamin jinyar da ya tsallake daga aji zuwa aji, bai taɓa kwana a ƙaramin asibiti ba, zai iya rubuta takarda mai kyau da Turanci mai santsi wadda ba za ta yi aiki ko a Gulumbe ba. Shekara biyu ko uku a karkara kafin komawa digiri na biyu ba ɓata lokaci ba ne. A can za ki ga matar da ta zo awo sau ɗaya ba ta dawo ba saboda kuɗin babur, a can za ki san wace ungozomar gargajiya ce mata ke jin maganarta, a can za ki samu tambayar da za ki yi shekaru kina bincike a kai. Maza ma, kada ku ce wannan zancen mata ne. A Arewa maza nas-nas suna da yawa, kuma da yawan malaman makarantun jinyarmu maza ne. Sai dai wurin da giɓin ya fi zafi, ɗakin haihuwa, mata yake jira, kuma ɗan'uwan da ya tsaya wa ƙanwarsa a gaban Baba har aka bar ta ta cike fom ya yi nasa.

Kai kuma da ba ka da niyyar taɓa sirinji har abada, kamar ni, wayarka na hannunka. Nan gaba kaɗan za ka ga an ɗora hoton sabuwar cibiyar lafiya a Facebook, fenti fari da kore, manya sun jeru da manyan riguna, ana ta "sai godiya". Kafin ka danna alamar so, ka rubuta a ƙasa: ungozoma nawa aka turo, 'yan ina ne, a ina za su kwana, kuma wa ke karɓar aiki idan ƙarfe biyun dare ya yi? Idan hutun makaranta ya zo, ka taka da ƙafarka zuwa cibiyar mazaɓarku da yamma, ka gaishe da wadda ka tarar, ka tambaye ta su nawa ne.